Sabar manhaja ta kamfani: yadda za ka auna ƙarfinta da rauninta kafin ka sa hannu a takarda

Tsakanin allon da ma'aikaci yake dannawa da rumbun bayanan da ke riƙe da lissafin kamfani, akwai wata manhaja da ba kowa ke ganinta ba. Ita ce ke karɓar buƙata, ta tantance wanda ya aiko ta, ta miƙa wa shirin da zai yi aikin, ta buɗe hanya zuwa rumbun bayanai, sannan ta mayar da amsa. Ita ake kira sabar manhaja. Idan tana lafiya ba mai tunawa da ita. Ranar da ta tsaya kuwa, albashi ba ya fita, oda ba ta shiga, wayar sashen kwamfuta kuma ba ta hutawa.

Manyan irinta, wato WebLogic na Oracle, WebSphere na IBM da JBoss EAP na Red Hat, an gina su ne domin su ɗauke wa masu rubuta manhaja wasu nauyaye-nauyaye masu wuyar gaske. Suna ɗaukewa kuwa. Amma kowane nauyi da suka ɗauke maka sai ka biya shi ta wata fuska: kuɗin lasisi, albashin ƙwararru, ko wahalar sauya sheƙa daga baya. Abin da nake so ka riƙe a duk tsawon wannan jagora shi ne, ƙarfin da manhajarka ba ta amfani da shi kaya ne kawai a kanka.

Mataki na farko: tambayi manhajar, ba ɗan kasuwar ba

Kafin ka buɗe takardar tallan kowace saba, zauna da manhajar da za ta hau kanta. Idan sayo ta kuka yi, nemi jerin sabobin da kamfanin da ya rubuta ta ya amince da su, tare da lambar sigar kowacce da sigar Java, wato harshen da ake rubuta irin waɗannan manhajoji da shi. Sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa. In sun ce a kan WebLogic kaɗai suke ba da tallafi, to ko da manhajar za ta tashi a kan wata saba, ranar da matsala ta zo za su ce ba ruwansu.

Idan kuma ku kuka rubuta ta, ka sa masu rubutun su amsa maka tambayoyi a rubuce. Shin akwai aikin da ke taɓa rumbunan bayanai biyu, ko rumbu da layin saƙonni (inda manhajoji ke ajiye wa juna saƙo), wanda dole su yi nasara tare ko su faɗi tare? Shin ana amfani da EJB, wato guntayen shirin Java da saba ke gudanarwa tana kula da ma'amalarsu? Akwai saƙonnin JMS, wato ƙa'idar Java ta layin saƙonni? A wane irin ƙunshi ake miƙa manhajar, WAR ko EAR? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da saurin tona asiri. Fayil ɗin WAR manhajar yanar gizo ce zalla, kuma ƙaramar saba irin Apache Tomcat za ta iya ɗaukarsa in bai dogara da sauran hidimomin ba. Fayil ɗin EAR kuwa Tomcat ba ya karɓarsa, sai cikakkiyar saba.

Na sha ganin manhajar da ba ta amfani da komai sai shafukan yanar gizo da rumbu ɗaya, amma tana zaune a kan saba mai tsadar gaske, don kawai shekaru goma da suka wuce wani ya ce haka manyan kamfanoni ke yi.

Mataki na biyu: san abin da ake sayar maka da gaske

Babban ƙarfin waɗannan sabobi shi ne kula da ma'amalar da ta ratsa wurare fiye da ɗaya. Ɗauki misalin cire kuɗi daga asusun da ke wani rumbu a zuba a asusun da ke wani rumbun. Idan wuta ta ɗauke bayan an cire, kafin a zuba, kuɗin sun ɓace a iska. Sabar tana hana haka da wani tsari mai zango biyu: da fari ta tambayi kowane rumbu ko ya shirya, sai kowa ya ce ya shirya sannan ta rubuta shawarar a kundinta, ta ba da umarnin a tabbatar. Idan ta faɗi a tsakiya, da ta farfaɗo sai ta karanta kundin ta ƙarasa aikin ko ta warware shi. Rubuta irin wannan da hannunka aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa. In kana buƙatarsa, a nan ne kuɗinka yake hutar da kai.

Na biyu shi ne tanadin hanyoyin haɗi da rumbun bayanai. Buɗe sabon haɗi yana cin lokaci, don haka sabar takan buɗe wasu ta ajiye, mai buƙata ya ara, ya gama ya mayar. Wannan ko Tomcat yana yi, amma manyan sabobi sun fi ba ka ido a kansa: nawa ke hannu, nawa ke jira, wane ne ya ara bai mayar ba.

A wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, manhajar oda takan sandare kusan kowace rana da yamma, a sake kunna saba, komai ya dawo daidai. An ƙara mata ƙwaƙwalwa, an zargi rumbun bayanai, an zargi layin intanet. Da muka buɗe allon kula da saba muka zuba wa adadin haɗin da ke hannu ido, sai muka ga lambar tana hawa tun safe, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa sauka. Wani shafin rahoto ne yake aron haɗi, idan ya ci karo da kuskure ya fita bai mayar ba. Gyaran bai kai layi biyar ba. Da ba mu da wannan allon, da mun ci gaba da sayen ƙwaƙwalwa muna zuba ruwa a kwando.

Sai haɗa sabobi su zama rukuni, yadda idan ɗaya ta mutu ɗaya za ta karɓi masu aiki a kanta ba tare da an kore su daga shafin ba. Sai layin saƙonni, da haɗa shiga da kundin ma'aikatan kamfani ta LDAP. Sai kuma abin da ba a rubuta shi a jerin fasali amma shi ya fi jan hankalin shugabanni: akwai wanda za a kira da tsakar dare, wanda yarjejeniya ta ɗaure shi ya amsa.

Mataki na uku: san 'yan takara da gidajensu

Kusan duk waɗannan sabobi 'ya'yan ƙa'ida ɗaya ne. Kamfanin Sun Microsystems ya fitar da J2EE a 1999, aka sauya mata suna zuwa Java EE a 2006. Oracle ya mallaki Sun a 2010, a 2017 kuma ya miƙa ƙa'idar ga gidauniyar Eclipse, inda ta koma Jakarta EE. Riƙe wannan sauyin sunan, za mu dawo kansa, don yana da cizo.

WebLogic a da yana hannun BEA Systems ne, Oracle ya saye kamfanin a 2008 kan kusan dala biliyan 8.5. Ƙarfinsa ya fi bayyana idan rumbun bayananka ma na Oracle ne, kuma sauran manhajojin gidan irin su SOA Suite a kansa suke zaune. Rauninsa tsada, da sarƙaƙiyar lasisi.

WebSphere ya fito a 1998, kuma yanzu iri biyu ne da bai kamata a haɗa su a baki ɗaya ba. Akwai na gargajiya, mai nauyi, mai jinkirin tashi, wanda bankuna da kamfanonin inshora suka daɗe a kansa, musamman masu manyan injinan IBM. Akwai kuma Liberty da ya zo a 2012, wanda ake tsara shi da fayil guda mai suna server.xml, kana lissafa fasalin da kake so shi kaɗai yake lodawa. A 2017 aka buɗe tushensa da sunan Open Liberty. Wanda ya sha wahalar na gargajiya yakan yi mamakin yadda wannan ke tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

JBoss ya shiga hannun Red Hat a 2006. Sigar al'umma, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, an sauya mata suna zuwa WildFly, ita kuma JBoss EAP ita ce wadda ake biyan kuɗin tallafinta. Bambancin yana da muhimmanci: WildFly tana sakin sabuwar siga a kai a kai, ba a kuma daɗewa ana yi wa tsohuwa faci, wato gyaran da ke toshe kurakurai da ramukan tsaro, ita kuwa EAP ana riƙe kowace babbar sigarta shekaru. Tun 2019 Red Hat ɗin ma na IBM ne, bayan cinikin dala biliyan 34, don haka biyu daga cikin manyan ukun gida ɗaya suke komawa.

GlassFish, sabar da Oracle ya gada daga Sun, darasi ne a kan dogaro da alƙawarin kamfani. A 2013 Oracle ya sanar da daina sayar da tallafinsa, masu amfani da shi suka shiga neman mafita, daga nan Payara, reshen GlassFish ɗin, ya tsiro a 2014. Tomcat kuwa ba cikakkiyar saba ba ce, ɓangaren yanar gizo kawai yake ɗauka, kuma wannan ƙanƙantar ita ce ƙarfinsa. TomEE shi ne Tomcat da aka ƙara masa sauran kayan. Idan manhajarka ta .NET ce, duk wannan ba naka ba ne, kana gidan Microsoft da sabarsa IIS.

Mataki na huɗu: yi lissafin shekara biyar, ba na ranar saye ba

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka bari in daɗe.

Oracle ba inji yake ƙirgawa ba, ƙwayoyin da ke cikin furosesa yake ƙirgawa, ya ninka da wani ma'auni. Ga furosesoshin Intel da AMD da aka saba gani ma'aunin 0.5 ne. Injin da ke da furosesa biyu, kowace da ƙwaya 16, yana da ƙwaya 32, wato lasisi 16. Kana son inji na biyu don kada ɗaya ya mutu aiki ya tsaya? Sun zama 32. A kan wannan akwai kuɗin tallafi na shekara-shekara, wanda bisa al'ada kashi 22 cikin ɗari ne na kuɗin lasisin. Ninka shi sau biyar ka gani: kashi 110, wato cikin shekara biyar ka sake sayen lasisin har da ɗoriya.

Tarkon da ya fi wannan zurfi yana wajen injinan da aka yanka aka yi ƙananan injina a cikinsu. Kai a ganinka ƙwaya huɗu kawai ka ba sabar. Amma takardar manufar Oracle ba ta ɗaukar VMware, manhajar da ke yanka injin, a matsayin shingen da ke taƙaita lasisi, don haka mai bincikensu zai iya ƙirga duk injinan da sabar za ta iya ƙaura zuwa kansu. Maganin da aka saba yi shi ne keɓe mata injinanta daban, a kuma sa lauya ya karanta yarjejeniyar tun kafin a girka komai. IBM yana yarda ka biya na ƙwayoyin da ka ware kaɗai, amma da sharaɗin ka girka manhajarsa ta ƙidaya, ILMT, kana ajiye rahotanninta. Ka manta da ita, a caje ka kuɗin injin gaba ɗaya. Red Hat ba ya sayar da lasisi, rajistar shekara-shekara yake sayarwa bisa adadin ƙwayoyi, wanda ya fi sauƙin lissafi, ko da yake shi ma ba ya tsayawa.

Kada ka manta da Java ɗin kanta. Tun Janairun 2023 Oracle ya koma cajin rajistar Java SE bisa yawan ma'aikatan kamfani baki ɗaya, ba masu amfani da ita kaɗai ba, farawa daga dala 15 kan kowane ma'aikaci a wata. Akwai rabe-raben OpenJDK, wato Java mai buɗaɗɗen tushe, na kyauta irin su Eclipse Temurin da Amazon Corretto. Duba wanne sabarka ta amince da shi, ka kuma duba ko lasisin sabar ya riga ya haɗa da haƙƙin amfani da Java.

Sai ka ƙara injinan gwaji da na ko-ta-kwana, ka tambaya a rubuce ko su ma ana biya musu. Sai mutane. Saba ta kyauta ba ta nufin aiki kyauta; idan ba wanda za ka kira, to kai ne wanda za a kira. Haka kuma saba mai tsada da mutum ɗaya tak ya iya ta a duk kamfanin, ranar da ya ajiye aiki za ka gane ashe shi ne lasisin.

Mataki na biyar: auna ko za ka iya yin faci a kan lokaci

Yawan ƙofofi, yawan wuraren da ɓarawo zai gwada. Babbar saba tana zuwa da hidimomi da dama a kunne, ciki har da waɗanda ba ka taɓa amfani da su ba. WebLogic ya sha fama da ramukan da ke ba maharin damar gudanar da umarni daga nesa. Wanda aka yi wa lamba CVE-2017-10271 an yi ta amfani da shi ana dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto a injinan mutane, wanda kuma aka bayyana a Oktoban 2020, CVE-2020-14882, ta allon gudanarwa ake shiga. Ƙaramin ma bai tsira ba: a farkon 2020 aka gano ramin Ghostcat a Tomcat, ta ƙofar AJP mai lamba 8009, wadda take buɗe a wurare da yawa ba tare da masu injin sun sani ba.

Aikin da za ka yi a fili yake. Allon gudanarwa kada ya leƙa intanet ko kusa: 7001 a WebLogic, 9990 a WildFly, 4848 a GlassFish, 9060 da 9043 a WebSphere na gargajiya. Rufe duk hidimar da ba ka amfani da ita. Goge manhajojin misali da suke zuwa tare da sabar. Sa wata sabar yanar gizo a gaba, irin su Nginx ko Apache, ta zama ita kaɗai duniya ke gani. Oracle yana sakin tarin facinsa sau huɗu a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Sa ranakun a kalanda, ka nemi izinin tsayar da aiki tun kafin su zo.

Faci kuma ba na saba kaɗai ba ne. Kutsen Equifax na 2017, wanda ya taɓa bayanan mutum kusan miliyan 147, ta ramin Apache Struts, wani kayan gina manhajar yanar gizo, aka shiga, alhali facinsa ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin maharan su fara kwasar bayanai. Haka Log4Shell, ramin da aka gano a kayan rubuta kundi na Log4j a Disamban 2021, ya nuna cewa kamfanoni da yawa ba su ma san abin da ke cikin ƙunshin manhajarsu ba. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: daga ranar da faci ya fito zuwa ranar da ya hau injin aiki, kwana nawa muke ɗauka? Idan amsar watanni ce saboda kowa na tsoron taɓa sabar, wannan rauni ne da ya fi duk wanda ke cikin takardun talla.

Mataki na shida: gwada, sannan ka kashe ta da gangan

Zaɓi 'yan takara biyu, ka ɗora musu manhajarka ta gaske, ba ta misali ba. Yi amfani da kayan gwajin lodi irin su Apache JMeter ka kwaikwayi ranar da ta fi kowace cunkoso, ka bar shi yana gudu na sa'o'i, domin yoyon ƙwaƙwalwa da yoyon haɗi ba sa nuna kansu a minti goma. Kada ka tsaya a matsakaicin lokacin amsa. Duba kashi ɗaya cikin ɗari da suka fi jinkiri, su ne masu kiran waya suna faɗa. Lura da iyakokin da saba ta zo da su, misali Tomcat buƙata 200 yake sarrafawa lokaci guda in ba ka sauya ba.

Ana tsaka da lodin, cire wa inji ɗaya wuta. Shin masu aiki a kansa sun ci gaba, ko an watso su waje? Ma'amalar da ke tsakiya ta ƙarasu ko ta warware? Katse rumbun bayanai na minti biyu ka mayar, ka ga ko sabar za ta sake haɗuwa da kanta. Auna kuma tsawon lokacin tashinta. Alƙawarin kasancewa a kunne kashi 99.9 yana ba ka kusan sa'a tara ne a shekara, 99.99 kuwa bai kai minti 53 ba. Sabar da ke cin minti biyar kafin ta tashi, sau goma kacal za ka sake kunna ta kason ya kusa ƙarewa, sai fa in kana da ta biyu da ke riƙe da aikin.

Mataki na bakwai: nemo ƙofar fita tun kana shiga

A takarda, manhajar da ta bi ƙa'ida tana iya ƙaura daga saba zuwa saba. A aikace kuwa, kowane gida yana da fayilolin tsarinsa, irin su weblogic.xml da jboss-web.xml, da ƙarin dabarunsa masu daɗin amfani, kuma duk wadda ka taɓa igiya ce a ƙafarka. Ba na cewa kada a taɓa su. A dai riƙa rubuta su a wuri ɗaya, domin ranar ƙaura a san tsawon igiyar.

Ga cizon da na ambata. Da ƙa'idar ta koma Eclipse, ba a cimma yarjejeniya da Oracle kan ci gaba da sauya abin da ke ƙarƙashin sunan javax ba, don haka a Jakarta EE 9, a ƙarshen 2020, aka mayar da sunayen zuwa jakarta. Tsohuwar manhajar da ke kiran javax.servlet, in ka ɗora ta haka nan a kan Tomcat 10, ba za ta yi aiki ba. Akwai kayan da ke sauya sunayen kai tsaye, irin su Eclipse Transformer, amma duk wani shirin wasu da ka aro ka saka a manhajarka shi ma sai ya kasance ya ƙaura. Tambayi mai sayar maka wace sigar Jakarta EE yake ɗauka, wace sigar Java, da kuma ranar da tallafin sigar zai ƙare.

Idan sabuwar manhaja ce za a rubuta

A nan ra'ayina ya karkata, ba zan ɓoye ba. Tun da Spring Boot, wani kayan gina manhajar Java, ya fito a 2014 aka juya tsarin: maimakon a ɗora manhajoji da yawa a kan babbar saba ɗaya, sai kowace manhaja ta ɗauki ƙaramar sabarta a cikinta, yawanci Tomcat, a zuba ta a kwantenar Docker, wato ƙunshin da ke ɗauke da ita da duk abin da take buƙata, Kubernetes kuma, mai kula da kwantenoni, ya karɓi aikin tayar da wadda ta mutu da raba lodi. Quarkus da Open Liberty ma hanyar suka bi. Ga yawancin sababbin ayyuka wannan ya fi sauƙin sabuntawa, kuma manhaja ɗaya ba ta jan sauran su faɗi tare.

Sai dai wahalar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya. Faci da a da ake yi wa saba ɗaya, yanzu sai an sake gina manhaja talatin. Ma'amala mai zango biyu da sabar ke yi maka, yanzu sai masu rubutu sun tsara yadda za a warware aikin da ya tsaya a rabi. Kubernetes kansa yana buƙatar ƙwararrunsa. Kamfanin da ke da manhajoji uku da mutum biyu a sashen kwamfuta, Tomcat ko WildFly guda biyu a bayan Nginx sun ishe shi. Wanda kuma tsohuwar manhajarsa ke cike da EJB tana aikinta lafiya, ya fara gwada ta a kan Liberty ko JBoss EAP cikin kwantena, ya ƙirga kurakuran da suka fito a kundin tashi, da wannan adadin zai je wa shugabanni da maganar ko a sake rubuta ta ko a bar ta.